Ingilishi a Bakin Yaro: Rabon Uwaye Cikin Aikin

Ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2025 aka zartar da sabuwar dokar tushe ta ƙasarmu, wadda ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta kuma aje Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Mutanen gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji sun daɗe da sanin amfanin Ingilishi. Fatakensu na zuwa Katsina da Kano, inda takardar banki da ta asibiti duk da shi ake rubuta su. A shekarar 2019 kuma dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka sauka a ƙasar Gidan Runji, cikinsu har da yaran da suka soma karatunsu da wannan harshe.

Ɗalibinmu yana fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji, ya yi shekara 4 kafin jarrabawar BEPC. Amma inda aji ya cika maƙil, malami kuwa ɗaya ne, da wuya zagaye ya kai ga kowa ya furta ko jimla biyu. Sai hannu ya iya rubutu, baki ya ƙi buɗewa, kunya kuma ta ƙara ɗaure shi.

Koyarwa da hoto ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1964 aka buɗe talabijin na makaranta a Yamai, yara suna koyon Faransanci a gaban akwati. A wancan zamani akwati ke magana, yaro na saurare. Yau wayar salula tana ɗaukar yaron shi kansa: ya ga fuskarsa, ya ji muryarsa, ya gane inda harshensa ya karye, ya sake gwadawa. Gani ya kori ji.

Sai dai hoto kaɗai ba ya koyar da magana. A shekarar 2003 wata masaniya a Amurka, Patricia Kuhl, ta gwada jarirai masu wata 9. Waɗanda mutum ya zauna da su yana yi musu Sinanci sun riƙe sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa bidiyo kurum ba su riƙe ba. Harshe a gaban mutum yake kamuwa.

A nan rabon uwaye ya fito, ko da ba su san harafi ɗaya na Ingilishi ba. Bayan la'asar, tun da sauran haske, uba ko uwa su riƙe waya minti 2. Yaro ya gaida su, ya faɗi sunansa da garinsu, ya lissafa abin da ke tsakar gida: gero, akuya, turmi, rijiya. A duba hoton tare, a ce masa: «Faɗa mana da Hausa, me ka ce?» A yaba masa, kada a yi masa dariya. A nuna wa malami don ya gyara furuci, bayan wata guda a gwada sabon hoto da tsohon.

Gidan da babu waya a ari ta maƙwabci, ko ƙungiyar uwayen ɗalibai ta shirya da malami. A ba ɗiya mace lokaci daidai da na namiji. Hoton yaro kuwa amana ne, kada ya wuce gida da makaranta.

Ya ku waɗanda suka yi yaƙi da jahilci, kun san nauyin karanta layin farko a gaban jama'a. Ku zauna kusa da ɗiyanku su wuce wannan mataki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.