Taswirar Jijiyoyi Kafin Likita Ya Sa Wuƙa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kumasi zuwa Tamale ya san gadar Buipe da ta Yapei. Da aka rufe su don gyara a ƙarshen 2017, mun ga yadda motocin doya da na shanu suka sha zagaye. To, jama'a, a cikin kanmu ma akwai irin wannan gada, wato gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka. Bai fi babban yatsa da yawa ba, amma saƙon motsa hannu da ƙafa ta nan yake bi, kuma nan ake sarrafa numfashi da haɗiya. Wannan gada kuwa ba ta da hanyar zagaye.

Shi ya sa da can idan ƙari ko dunƙulen jijiyoyin jini ya fito a wurin, likitoci kan ƙi taɓa shi, domin kuskure kaɗan zai bar mutum da shanyewar jiki.

A 1994 Peter Basser da abokan aikinsa a Amurka suka fito da wata dabara ta amfani da na'urar MRI. Sun lura cewa ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa ya fi saurin bin tsawon jijiya a kan ya ƙetare ta, kamar yadda ruwa ke bin kwalbati. Idan na'ura ta auna inda ruwan ya dosa, an san inda jijiyar ta nufa ke nan. Zuwa 1999 an soma haɗa waɗannan awo a kwamfuta su zama zare-zare masu launi: shuɗi ga masu hawa da sauka, ja ga masu ƙetarawa daga dama zuwa hagu, kore ga masu bi daga gaba zuwa baya. Da wannan likita zai ga ko ƙarin ya ture jijiyar motsi gefe ne ko ya cinye ta, sannan ya zaɓi ɓangaren da zai shiga.

Sai dai fa hoton ba ya ganin komai. Inda jijiyoyi suka sarƙe yakan ruɗe, tsohon jinin da ya zuba a wurin ma yakan ɓata shi, kuma da an buɗe kai ƙwaƙwalwa takan ɗan gusa. Don haka ake gwada jijiyoyin da ɗan lantarki ana cikin aikin.

Mu a zango, idan Asibitin Koyarwa na Tamale ya tura ɗan'uwanmu Komfo Anokye ko Korle Bu, galibi dattijon gida ne ke sa hannu a takardar yarda, sau da yawa ba tare da ya tambayi komai ba, wai don kunya. Ba rashin ladabi ba ne a ce: "Likita, wace jijiya ce ke kusa da ciwon, kuma me zai iya rasawa bayan aikin?" A nemi wanda ya iya Turanci sosai ya zauna, a kuma riƙe faifan hoton da kyau, don likita na gaba zai nema.