Gani Ya Kori Ji: Fim Kan Makaɗan Bulu Nayil Da Waƙoƙin 'Yan'uwanmu Na Mai Wurno

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai tura waƙoƙi a waya, a kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari, ya san abin da jama'a suka fi nema. Wannan ya ce a sa masa Shata, wancan ya ce Ɗanƙwairo, mata su aiko a tura musu Barmani Choge, matasa kuma finafinan Kano da na Indiya. Amma da wuya ka wuni a wurin ka ji wani ya ce a tura masa kiɗan Hausawan Sudan, alhali kuwa akwai garuruwa da ƙauyuka birjik a yankin Jazira da gaɓar kogin Bulu Nayil inda ake sallama da Hausa, a yi ciniki da Hausa, a kuma yi wa amarya guɗa da Hausa. Abin da ya tuna mana da wannan magana wani fim ne da aka yi a kan makaɗan wannan yanki.

Sunan fim ɗin Beats of the Antonov, wato amon jirgin Antonov. Ba fim ba ne irin wanda ake tsara labari a ɗauko 'yan wasa, fim ne na gaskiya, mutanen da ke ciki rayuwarsu kawai aka ɗauka. Wani ɗan Sudan mai suna Hajooj Kuka ne ya shirya shi, ya fito a shekarar 2014, kuma a wannan shekarar ya lashe kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin finafinai na birnin Toronto da ke Kanada. Idan mai karatu bai manta ba, a 2011, shekarar da Sudan ta Kudu ta ɓalle, yaƙi ya ɓarke tsakanin gwamnatin Umar al-Bashir da 'yan tawayen SPLM ta Arewa, da farko a Duwatsun Nuba, sannan a jihar Bulu Nayil cikin watan Satumba. Jirgin Antonov asalinsa na dakon kaya ne, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, amma sai aka riƙa loda masa bama-bamai ana gangaro su kan ƙauyuka.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda mutane ke yi bayan jirgin ya wuce. Da an ji ƙugin sa kowa zai faɗa cikin ramin da aka haƙa don haka, yara da manya. Ana tashi a karkaɗe ƙura, a ƙirga juna, in an ga kowa na nan sai dariya ta ɓarke, zuwa dare kuma a ɗauko rababa, wani abin kiɗa mai tsirkiya da suke haɗawa da tarkacen kayan gida, a yi ta kiɗa da rawa. A fim ɗin akwai wata mawaƙiya 'yar Sudan mazauniyar Amurka, Alsarah, wadda ta zauna da 'yan mata a sansanin gudun hijira tana sauraron waƙoƙin da suke ƙirƙira da bakinsu, tana tambayar su wa ya yi wannan, wa ya yi waccan. Kuma mutanen ba su tsaya ga waƙa ba, sun yi ta muhawara a gaban kyamara kan tambayar da ta daɗe tana cin Sudan: wane ne cikakken ɗan ƙasa, Balarabe ko baƙar fata? Har batun man bilicin da 'yan mata ke shafawa sai da aka taɓo.

Gaskiya ne ba a kan Hausawa aka yi wannan fim ba. To amma wannan tambaya ba wanda ta fi shafa kamar su.

Bari mu ɗan koma baya. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka yada zango a bakin Bulu Nayil, kudu kaɗan da birnin Sinnar, garin da yau ake kira da sunansa, Mai Wurno. Kafin su da bayansu kuma akwai mahajjatan ƙasa, masu bi ta Barno da Abeshe da Darfur suna neman gaɓar Bahar Maliya, tafiyar da kan ɗauki shekaru. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ya zama mahajjaci ya samu inda zai yi ƙwadago ya tara guzuri. Da yawa sun tara, sun je sun sauke farali, sun dawo sun zauna. Wasu suka kama noma, wasu su, wasu fatauci. Har gobe a biranen Sudan naman da ake gasawa da yaji da ƙuli sunansa agashe, kuma ba sai an gaya wa Bahaushe daga bakin wa kalmar ta fito ba.

Mutanen Sudan kan haɗa Hausa da Fulani da Barebari su kira su Fallata. Kuma da wannan sunan ne wata baiwar Allah ta kafa tarihi. A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha al-Fallatiya, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito, mahaifinta malami ne mai makarantar allo, kuma bai so ta yi waƙa ba ko kaɗan. Ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, a 1942, a lokacin da ake ganin hakan abin kunya ne ga 'ya mace. Ta yi wa sojojin Sudan waƙa a fagen daga lokacin yaƙin duniya na biyu, ta yi suna har Masar, ta rasu a 1974. Allah ya jiƙanta. Muryarta ta tsira ne saboda rediyo ya naɗa. Takwarorinta nawa ne suka yi waƙar daka da ta niƙa da gaɗa a ƙauyukan Jazira, aka binne su da waƙoƙinsu?

Mu ma nan gida mun ga bambancin. Mafi yawanmu muryar Narambaɗa kawai muka sani. Shata kuwa, da ya kai har 1999, talabijin da masu kaset sun same shi, shi ya sa yaron da aka haifa bayan rasuwarsa ya san tsayuwarsa da yadda yake juyawa ga 'yan amshi da yadda makaɗan kalangu ke matse igiya a hammata. Wannan ba abin da littafi zai iya koyarwa ba ne. Masana sun yi nasu ƙoƙarin: wani Bature, Mark Duffield, ya rubuta littafi kan tattalin arzikin Mai Wurno a 1981, shi kuma Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, wanda ɗan garin ne, ya fitar da nasa a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke rikiɗa tana shan Larabci. Idan harshe na sauyawa, tsofaffin waƙoƙi ne kan riga tafiya, domin jika zai ji kakarsa na rerawa amma rabin kalmomin sun fi ƙarfinsa.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. To, a 2017 tashar Aljazeera ta nuna wani fim na Suhaib Gasmelbari kan ma'ajiyar finafinan Sudan da ke Umdurman, inda aka jibge faifai kimanin 13,000 cikin zafi da ƙura, dattawa biyu na fama da su. Da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu, 2023, harabar rediyo da talabijin ta Umdurman na cikin wuraren farko da dakarun RSF suka mamaye, sai a watan Maris na 2024 sojoji suka karɓe ta. Wanda ya zuba ƙwansa duka a wannan kwando ya kwana da fargaba.

Ƙauyukan kansu ba su tsira ba. Tun a watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a jihar Bulu Nayil tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu kuma suka ce sarauta na tafiya ne da mallakar ƙasa. An kashe fiye da mutum 100 a wannan wata, aka sake kashe kimanin 200 a yankin Wad al-Mahi cikin Oktoba, dubbai suka bar gidajensu. Daga baya babban yaƙi ya iso: Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Sinja a Yunin 2024, kafin sojoji su ƙwato Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025. Wanda ke gudun ransa ba ya tsayawa ɗaukar ganga.

A nan ne muke ganin ɗan kasuwa na da rawar takawa, don tun fil azal shi ne mai kai waƙa gari-gari. A jakar fatake kaset ɗin Shata ya tsallaka iyakoki, ba a jakar gwamnati ba. Yau kusan kowannenmu na da kyamara a aljihu, kuma a cikinmu akwai masu abokan ciniki da surukai a Anjamena da Abeshe da Adare, da waɗanda ke haɗuwa da Hausawan Sudan a Makka da Madina lokacin Umara. Idan Allah ya haɗa ka da tsohuwa mai waƙa ko makaɗi daga can, ka nemi izininsu tukuna, ka bar su su faɗi sunansu da garinsu da wanda ya koya musu, sannan ka bar waƙar ta kai ƙarshe, kada ka yanke don tsoron cikar waya, kada kuma a ɗora mata kiɗan fiyano. A sallami mai waƙa kamar yadda aka saba, don sana'arsa ce. Idan kuma maganar ta taɓa siyasa ko rikici, a tambaye shi ko ya yarda fuskarsa ta fita, domin shi ne zai koma can ya kwana, ba kai ba. Hajooj Kuka kansa, da duk sunan da ya yi a duniya, sai da aka ɗaure shi a Khartum a 2020 tare da wasu abokan sana'arsa kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake su.

In ka dawo gida, ka ajiye kwafi ɗaya a memori, ɗaya kuma ka kai wa mai tura waƙoƙin kasuwarku, ka ce ya rubuta sunan garin a kai.