Yadda Yahudawa Ke Zaman Makoki: Kowane Mataki Da Sunansa

Duk wanda ya shiga gidan Bayahude a makon da aka yi masa rasuwa, ko a Urushalima ne ko a birnin New York, zai tarar da masu gida zaune bisa kujeru 'yan tsugunno, an rufe madubai da ƙyalle, kyandir yana ci dare da rana. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi shi da ka. Malamansu sun tsara makoki mataki-mataki, kowanne da sunansa da iyakarsa, domin a fid da mai baƙin ciki sannu a hankali daga bakin kabari zuwa cikin jama'a.

Matakin farko shi ne aninut, wato tsakanin cikawa da binnewa. A wannan lokaci an ɗauke wa makusanta nauyin addu'o'in yau da kullum, don su fuskanci sutura kaɗai. Akwai ƙungiya da ake kira Hebra Kadisha, wato ƙungiya mai tsarki, ita ke wankan gawa. Ta birnin Prag an kafa ta tun 1564. Wankan kuwa sunansa tahara, kalmar da ta yi tushe ɗaya da ɗahara ta Larabci. Sa'an nan a sa mamaci cikin farin likkafani mara ado, mai suna takrikim.

Wannan likkafani yana da tarihi. Littafin Talmud ya ba da labarin cewa a dā tsadar jana'iza ta kai har talakawa kan yar da gawa su gudu. Sai wani babban malami, Rabban Gamaliyel, ya bar wasiyya a binne shi cikin lilin mara tsada. Da jama'a suka ga haka sai suka bi sawunsa, attajiri da matalauci suka zama ɗaya a makara.

Kafin a binne, makusanta kan yi keriya, wato su keta rigarsu a ƙirji. Wanda ya rasa uwa ko uba yakan keta ta hagu, saitin zuciya. Sauran kuwa ta dama.

Da an dawo daga maƙabarta sai a shiga shiva, ma'anarta bakwai. Kwana 7 ba fita aiki, ba aski, ba takalmin fata. Abincin farko ba daga tukunyar gidan yake fitowa ba, maƙwabta ke kawowa, galibi gurasa da dafaffen ƙwai. Mai zuwa ta'aziyya kuma ladabinsa shi ne ya zauna shiru har sai mai makoki ya fara magana. Ranar Asabar ana ƙidaya ta cikin bakwai ɗin, amma ba a nuna makoki a fili a cikinta.

Daga nan sai sheloshim, wato kwana 30 daga ranar binnewa. Kalmar 'yar'uwar salasin ce ta Larabci, inda Hausa ta samo talatin. Ana komawa sana'a, amma ba a zuwa biki. A nan makokin ɗan'uwa, da mata ko miji, da ɗa yake ƙarewa. Na iyaye kaɗai ke kaiwa wata 12.

Har wa yau wanda ya rasa mahaifi yakan karanta addu'ar Kadish wata 11. Yawancinta da harshen Aramiyanci take, kuma ba ta ambaci mutuwa ko sau ɗaya ba, girmama sunan Allah ce zalla. Ba a karanta ta sai da minyan, wato taron mutum 10, saboda haka dole mai makoki ya fito ya nemi 'yan'uwansa kullum. Duk shekara kuma, ranar da mamaci ya cika, a kunna kyandir a sake karantawa. Yahudawan Turai na kiran ranar yarzait, kalmar harshen Yidish.

Malamansu dai sun hana a rage wa mamaci haƙƙinsa, sun kuma hana a wuce gona da iri wajen kuka. Shi ya sa a wurare da dama, safiyar kwana na bakwai, masu ta'aziyya kan ɗaga mai makoki daga kujerarsa, su raka shi ya zaga unguwa, ya sake ganin mutane.