Takobin Sojan Japan: Gane Na Ƙwarai

Da Japan ta miƙa wuya a 1945, sojojin Amurka da na Ingila suka koma gida da takubba tuli. To, ba duka ne ƙirar hannu ba. Na su saje, samfurin 1935, aikin inji ne, har da lamba a jikinsu.

Sabon shiga sai ya zare 'yar ƙusar gora, ya cire ƙota, ya dubi gindin ƙarfen, inda maƙeri yakan zana sunansa. Amma kada ya kuskura ya kankare baƙar tsatsar wurin, gama ita ke shaida shekarun takobi. Wanda ya goge ta, ya karya darajar kayansa da hannunsa.