Ina Kazaure a Cikin 127,763?

A ƙiyasin shekarar 2022 na hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, mai hedikwata a birnin Lyon na Faransa, mutum 127,763 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya a wannan shekara, 79,542 kuma suka rasu ta dalilinsa. Sankarar mama ce kan gaba da 32,278, sai ta furostet mai kama maza da 18,019, sannan ta bakin mahaifa da 13,676.

Duk wanda ya ga adadi haka, har da 'yan ɗai-ɗai a wutsiyarsa, zai ɗauka an bi asibitocin ƙasar nan ne ɗaya bayan ɗaya an ƙirga. Ba haka aka yi ba. Akwai 'yan garuruwa da ke da rajistar da ke bin kowane mai ciwon daji a cikin al'ummar yankinsu, kamar Ibadan, wadda ta fara tun 1960, da Abuja, da Kalaba, da Ekiti. Daga irin waɗannan ake ɗauko yawan masu kamuwa a cikin kowane mutum 100,000, a shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan da ke Arewa maso Yamma. Ke nan kason Jigawa a cikin 127,763 aro ne daga wuraren da abincinsu, da shekarun aurensu, da yawan haihuwarsu suka bambanta da namu, alhali duk waɗannan suna da hannu a irin sankarar da ke yawaita a wuri.

Bari mu gwada aron da kanmu. In aka raba 127,763 a kan mutanen Najeriya kimanin miliyan 217, za a sami kusan 59 cikin kowane 100,000. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa na jihar Jigawa jimillar mutane sama da 570,000. Lissafin sai ya ba mu masu kamuwa fiye da 330 a shekara, wato kusan mutum ɗaya kowace rana. Wannan lissafin alƙalami ne kawai, kuma ma ya gaza, tunda jama'ar da aka ƙirga a 2006 ta ƙaru sosai, ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta. Masu bincike a Amurka da Ingila suna kokawa da yadda kwamfutocinsu za su fahimci juna wajen musayar bayanan majiyyata; mu tun a wurin sanin mu nawa ne muka fara tuntuɓe.

Wani adadin da ke rikita masu karatu shi ne kimanin 114 cikin 100,000 da IARC ɗin ta ba Najeriya. Me ya kawo 114 bayan mun sami 59? Ciwon daji ya fi kama manya, mu kuma yawancinmu yara ne da matasa. Don a iya kwatanta ƙasa da ƙasa, sai a sake lissafin kamar a ce duk ƙasashe tsarin shekarun mutanensu ɗaya ne. Awo ne da mudu guda, don kada kowa ya zo da nasa. Da wannan mudu, na duniya ya kai kusan 197.

Adadin mutuwa ya fi tayar da hankali. A kan kowane sabon kamu 100 a Najeriya akwai rasuwa 62. A duniya, inda aka ƙiyasta kamu miliyan 20 da rasuwa miliyan 9.7, kusan 49 ne, a Amurka kuwa wajen 25. Sai dai shi ma 79,542 ɗin ba daga takardun shaidar mutuwa aka samo shi ba, an ciro shi ne daga ƙiyasin masu kamuwa. Wanda ya rasu da hantsi a ƙauyen Roni, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, babu likitan da ya rubuta sanadi.

Yanzu mu dubi yadda mutum ɗaya ke ɓacewa a takarda. A ce wata mata daga Gwiwa ta je babban asibitin Kazaure da ƙullutu a mama. Kazaure ta fi kusa da Kano fiye da Dutse, don haka Asibitin Malam Aminu Kano za a tura ta a yanki tsoka a duba. A kati na farko an rubuta Dije, a na biyu Hadiza, in kuma aka wuce da ita Shika ta Zariya don gashi, Khadija. Shekaru, ɗanta ya ce 40, mijinta ya ce 50, domin babu takardar haihuwa. Da ma'aikacin kati ya tambayi adireshi, sai aka ba shi na ɗan'uwan da ya sauke su a Kurna ta Kano. A kundin bayanai ta zama mata uku, ko kuma mace ɗaya 'yar Kano. Gwiwa dai ba ta fito ba ko sau ɗaya, kuma wanda zai raba kasafin lafiya gobe zai ga kamar ciwon bai je can ba.

Abin mamaki, ɓangaren da ya fi kama da wuya shi ne aka riga aka warware. Akwai lambobin cututtuka na bai ɗaya da duk duniya ke amfani da su: C50 sankarar mama, C53 ta bakin mahaifa, C61 ta furostet, C22 ta hanta. Mutumin Babura da ya tsallaka iyaka zuwa Magarya ko Damagaram a Nijar, fayil ɗinsa da Faransanci za a rubuta, amma lambar ciwon ba ta canzawa, kuma Nijar tana da rajistarta a Yamai tun 1992. IARC tana raba manhajar CanReg5 kyauta, wadda ke tsara bayanan kowane majiyyaci a fasali ɗaya, ta kuma taimaka a gano sunan da aka shigar sau biyu. Najeriya ta kafa tsarin haɗa rajistocinta a 2009, gamayyar rajistocin Afirka ta AFCRN ta fara aiki a 2012. Su kuwa alƙaluman da asibitocin gwamnati ke turawa duk wata ta manhajar DHIS2 jimla ce kawai, ba sa bin mutum ɗaya daga gwaji zuwa magani zuwa ƙarshen al'amarinsa, shi ya sa ba za su maye gurbin rajista ba.

A matakin duniya, ƙawancen musayar bayanan lafiya na GA4GH da aka kafa a 2013 yana tura wata dabara da ta dace da mu: bayanai su zauna a ƙasarsu, mai bincike ya aiko da tambayarsa ta intanet, amsa kaɗai ta fita ba tare da sunan kowa ba. Hakan ya yi daidai da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan Najeriya waje. Amma tambayar da aka aiko daga Lyon ba za ta samo abin da ba a rubuta ba.

A ganina, in cibiyar ciwon daji ta tarayya, NICRAT, da ma'aikatar lafiya ta Jigawa suna neman wurin farawa mai araha, teburin yankar kati ne. A tambayi majiyyaci ƙaramar hukumar da yake zaune, ba gidan da ya kwana jiya ba. A rubuta lambar NIN ga mai ita. Sakamakon gwajin da aka yi a Kano kuma a mayar da kwafinsa asibitin da ya turo. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, a Oktoban 2023, kuma sai nan da shekaru ashirin ko fiye amfaninsa zai bayyana a adadin C53. Kafin a ce ya ragu a Babura ko Roni, dole a sami adadin yau da za a kwatanta da shi.