KIYAYE LOKACI A FILIN JIRGIN SAMA: BAYANI GA MATAFIYA A JIRAGE MASU RAHUSA

A 'yan shekarun nan tafiya ta jirgin sama ta daina zama ta manyan gari kaɗai. Mutanen karkara da dama na hawa jirgi domin Umara, ko fatauci, ko neman magani, haka nan ma'aikatan ƙananan hukumomi kan tafi taro Abuja ko Legas. Yawanci ana neman tikiti mafi sauƙin kuɗi, amma wasu kan yi asarar kuɗinsu baki ɗaya saboda makarar 'yan mintoci. Wannan bayani zai fayyace dalilin haka da hanyar kauce masa.

Bambancin tasha da filin jirgi

A tashar mota, direba ba ya tashi sai mota ta cika, kuma idan fasinja ya tafi alwala, ɗan kamasho kan ce a dakata masa. A filin jirgi babu wannan. Lokacin da aka rubuta a tikiti shi ne lokacin da jirgi zai bar wurin da ya tsaya, an riga an rufe ƙofofinsa. Wanda ya iso filin jirgi a daidai wannan lokaci ya makara, ko da yana hango jirgin a ƙasa.

Me ake nufi da jirgi mai rahusa?

Kamfani ne da ke rage kuɗin tikiti ta hanyar rage ɗawainiya. Wannan tsari ya yi ƙarfi ne a Amurka da kamfanin Southwest, wanda ya fara jigila a 1971. A 1972 matsalar kuɗi ta tilasta masa sayar da ɗaya daga cikin jiragensa 4, sai ya ci gaba da aiki da sauran 3 ta hanyar sauke fasinjoji da ɗaukar wasu cikin minti 10. Daga baya Ryanair na ƙasar Ailan ya bi sahu a Turai, inda yake ware kimanin minti 25 tsakanin saukar jirgi da sake tashinsa. A Saudiyya akwai flynas da ya fara aiki a 2007, wanda yana cikin kamfanonin da suka yi jigilar alhazan Nijeriya a 2023 da 2024. A gida kuma, Green Africa ya fara jigila a 2021 bisa irin wannan tsari.

Jirgi ba ya samar da kuɗi sai yana sama. Saboda haka jirgi ɗaya kan yi sawu da yawa a rana, kuma jinkirin sawun safe yana bin duk sauran sawun har dare. Rahusar da fasinja ya samu, daga tsimin lokaci ta fito. Shi ya sa tikiti mafi araha galibi ba a mayar da kuɗinsa ga wanda ya makara, kuma sauya rana yana da nasa cajin. Wani tikitin ma bai haɗa da kuɗin babbar jaka ba. Araha dai ba ta ado, don haka wajibi ne a karanta sharuɗɗan tikiti kafin a biya.

Matakan da ke gaban fasinja

Na farko shi ne teburin tantancewa, inda ake duba tikiti da katin shaida, a auna kaya, a ba mutum katin shiga jirgi. Dole ne sunan da ke tikiti ya yi daidai da na katin shaida ko fasfo. A tafiyar cikin gida, kamfanoni kan rufe wannan tebur kimanin minti 45 kafin tashi, a ta ƙasashen waje kuma kimanin awa 1. Ana rufe shi ne domin a ƙididdige nauyin mutane da kaya a miƙa wa matuƙi, tun da da wannan lissafi ake daidaita jirgi kafin ya tashi.

Na biyu shi ne binciken jami'an tsaro. Wuƙa, almakashi da reza ba sa wucewa a jakar hannu. A tafiya waje, turare ko mai ko wani ruwa da kwalbarsa ta wuce mililita 100 sai a babbar jaka. Batirin ajiyar cajin waya kuwa a jakar hannu ake riƙe shi. Mai fita waje zai kuma bi ta teburin jami'an shige da fice.

Na uku shi ne ɗakin jira da ƙofar shiga jirgi, wadda akan rufe minti 15 zuwa 30 kafin tashi, gwargwadon dokar kamfani.

Ga misali. Idan jirgi zai tashi daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da ƙarfe 10:00 na safe zuwa Abuja, ya kamata fasinja ya iso da ƙarfe 8:00, domin za a rufe tebur wajen 9:15. Wanda garinsa ke da tafiyar awa 2 zuwa Kano sai ya kama hanya da zarar an idar da sallar Asuba, ko kuma ya kwana a birni, abin da ya fi dacewa a lokacin damina. Mai fita waje ya iso awa 3 kafin lokaci.

A kuma lura da yadda ake rubuta lokaci. Idan an ga 14:30, ana nufin 2:30 na rana. Idan an rubuta 01:15 na ranar Talata, to, daren Litinin ne wayewar Talata, don haka ranar Litinin za a bar gida. Lokacin dawowa daga Jidda ko Madina da agogon Saudiyya ake rubuta shi, wanda ke gaba da na Nijeriya da awa 2.

Kiran shiga jirgi

Ana yin kira ta lasifika, galibi da Turanci, ana ambaton sunan kamfani, lambar jirgi da garin da za a je. Jirage biyu na iya zuwa gari ɗaya a kusan lokaci guda, saboda haka lambar da ke kan katin shiga ita ce abin riƙewa. Wanda ba ya jin Turanci ya nuna katinsa ga ma'aikacin kamfani, ya zauna kusa da ƙofa. A gama salla da cin abinci da kewayawa tun kafin a fara kira. Idan aka yi kiran ƙarshe mutum bai bayyana ba, ƙa'idar tsaro ta tanadi a sauke jakarsa, jirgi ya tafi.

Idan jinkirin daga kamfani ne

Gaskiya ne jirage ma kan makara. Hazon hunturu, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, yana hana matuƙi hango titin jirgi, kuma wasu filayen ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana. Amma wannan ba hujjar zuwa a makare ba ce, domin ba kullum ake ɗage lokacin rufe tebur ba don jirgi ya yi jinkiri.

Dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, sun ba fasinjan cikin gida haƙƙoƙi. Wajibi ne kamfani ya bayyana dalilin jinkiri cikin minti 30 bayan lokacin tashi. Bayan awa 2 zai ba da abin taɓawa da damar kiran waya. Idan an wuce awa 3, fasinja na da ikon neman a mayar masa da kuɗinsa. Idan jiran ya kai tsakanin ƙarfe 10:00 na dare da 4:00 na asuba, sai a ba shi masauki da motar da za ta kai shi. Hukumar tana da jami'an karɓar koke a filayen jirage. A adana tikiti da katin shiga domin su ne shaida, a gabatar da koke cikin ladabi. Faɗa da ma'aikata ko tare hanyar jirgi laifi ne da ke kai mutum gaban kotu. Wanda bai iso kan lokaci ba kuwa, ba shi da rabo a waɗannan haƙƙoƙi.

Kira ga shugabanni

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai da jami'an ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani ga jama'a, musamman tsofaffi da masu tafiyar farko, a kuma samu mai karanta musu tikiti tun kwana biyu kafin tafiya. Maniyyata aikin Hajji su bi sanarwar hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, su halarci sansani a ranar da aka kira su. Jami'in da zai tafi aiki da kuɗin gwamnati ya tuna cewa tikitin da ya salwanta dukiyar jama'a ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya, amin.