Tamburan Bayan Caja: Wa Ya Gwada, Wa Ya Sheda?

A bayan kusan kowace cajar waya, ko dutsen guga, ko butar lantarki, akwai wasu 'yan ƙananan tambura: UL cikin da'ira, ko VDE, ko CE, ko NIS. Ba kowa ke lura da su ba. Alhali sayen kayan wuta cinikin biri a sama ne, don ba mai kwance caja a gaban mai shago ya auna kaurin wayoyin cikinta. Shi ya sa aka nemo mai sheda na uku, wanda ba shi ya ƙera ba, ba kuma shi zai sayar ba.

Masu inshora ne suka fara matsa lamba, domin duk gobarar da ta tashi su ke biyan diyya. A 1893 birnin Shikago na Amurka ya karɓi baƙuncin baje kolin duniya, aka ƙawata wurin da dubban fitilun lantarki. Kamfanonin inshora suka tura wani matashin injiniya, William Henry Merrill, ya duba haɗarin wayoyin. A 1894, da tallafinsu, ya buɗe ɗakin gwajin da daga baya ya zama Underwriters Laboratories, wato UL. Birtaniya ta yi rajistar tambarinta na Kitemark a 1903, ita kuma ƙungiyar VDE ta Jamus ta kafa cibiyar gwajinta a 1920.

A irin wannan ɗaki, aikin injiniya shi ne ya gallaza wa na'ura. Zai sakar mata wutar da ta ninka ta gida sau da yawa, ya ga ko rufin wayar zai ɓule. Zai bar ta tana aiki sa'o'i yana auna zafinta, ya kara wa robar jikinta harshen wuta, ya fizgi igiyarta, ya jefar da ita ƙasa, ya zura wani yatsan gwaji a kowace kafa don ya tabbatar ɗan yaro ba zai taɓo wuta ba. Da gangan zai lalata wani sashe a cikinta, domin na'ura mai inganci ita ce wadda in ta lalace za ta mutu salin-alin, ba tare da ta cinna wa gida wuta ba. Bayan an ba da tambari ma, sufetoci kan faɗo wa masana'antar ba sanarwa, kada a kai samfur mai kyau gwaji, a cika kasuwa da na banza.

Sai dai tamburan ba nauyinsu ɗaya ba. UL da VDE shedar wani ne daga waje. CE kuwa, a yawancin kayan lantarki na gida, mai ƙerawa ne da kansa ke liƙawa, yana mai cewa ya cika ƙa'idojin Tarayyar Turai, kuma zai amsa tuhuma in aka kama shi da ƙarya. A Najeriya, hukumar kula da ingancin kaya ta SON, mai ba da tambarin NIS, wadda aka kafa a 1971, tana da tsarin SONCAP na kayan da ake shigowa da su, da MANCAP na waɗanda ake ƙerawa a gida.

Babbar matsalar ita ce jabu, don buga tambari a jikin roba ba ya cin ko sisi. A 2016, UL ta gwada cajojin iPhone na jabu guda 400, uku kacal suka tsallake gwajin tsaro na farko. Ragowar duk suna iya barin wutar soket ta ratso har hannun mai riƙe da waya.

Saboda haka ganin tambari bai isa ba, sai an bi sawunsa. UL tana da rumbun bayanai a intanet inda ake bincika lambar rajistar kaya, kuma dillali mai odar kaya da yawa yana da haƙƙin neman takardar shedar gwaji. Ko filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi, wanda Birtaniya ta tsara a 1947, ana iya dubawa: na gaske yana da fiyus a ciki, da rufi a gindin ƙafafunsa biyu gajeru. Filogin da bai da waɗannan, ko tambura goma aka zana masa, bai cika ƙa'ida ba.